Yadda Ake Gina Jarumar da Ke Ɓatar da Sawun Masu Gudun Tsira a Jerin Littattafai

Daga cikin ƙagaggun labarai masu sa faɗuwar gaba akwai wani nau'i da ya ginu a kan mace guda, wadda aikinta na ɓoye shi ne ta karɓi mutumin da ake farautar ransa, ta fitar da shi daga garinsu, ta raba shi da duk abin da za a iya bin sawunsa da shi, sannan ta dasa shi a wani wuri inda zai fara rayuwa daga tushe. Irin wannan jaruma ta dace da jerin littattafai ƙwarai, domin kowane littafi yana zuwa da sabon mai neman tsira da sabon maƙiyi, ita kuwa tana nan, tana ƙara shekaru, tana ƙara tabo. Na rubuta wannan jagora ne domin marubutanmu da ke sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, da waɗanda ake karanta littattafansu a rediyo da YouTube. Na karanta rubuce-rubuce da dama da suka gwada wannan hanya, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe: suna zuba ƙarfinsu a kan tseren motoci da harbe-harbe, suna mantawa da cewa a ƙasar da tambayar farko da ake yi wa baƙo ita ce ɗan gidan wa ne, abu mafi wuya shi ne raba mutum da asalinsa. A nan ne zuciyar labarin take, kuma duk matakan da ke tafe a kanta suka dogara.

Mataki na farko: a san waɗanda suka yi wannan aiki a zahiri

Kafin marubuci ya ƙirƙiri tasa jarumar, ya kamata ya karanta tarihin Harriet Tubman. An haife ta cikin bauta a jihar Maryland ta Amurka wajen 1822, ta tsere zuwa Filadelfiya a 1849, sannan ta riƙa komawa, kimanin sau 13, har ta fito da mutane kusan 70, yawancinsu danginta da makusantanta. Ta fi yin tafiya da hunturu saboda dare ya fi tsawo kuma mutane suna cikin ɗaka, kuma tana son tashi daren Asabar domin ba za a buga cigiyar bawan da ya gudu a jarida ba sai Litinin. Da aka kafa dokar 1850 wadda ta tilasta wa jihohin arewa mayar da bayin da suka tsere, sai ta tsawaita hanyarta har garin St. Catharines na Kanada. Tana da lalura tun ƙuruciya, sakamakon wani ƙarfe da aka jefa ya same ta a ka, wadda takan sa barci ya ɗauke ta ba shiri, ko da a tsakiyar tafiya ne.

Sai Irena Sendler, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a birnin Waso na ƙasar Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da takardar izinin shiga unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa, da sunan binciken annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, kuma da wannan takarda ita da abokan aikinta suka riƙa fitar da yara ana ba su sababbin sunaye. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne yadda ta riƙa rubuta sunan kowane yaro na gaskiya a gefen sabon sunansa tana ɓoyewa, domin wata rana ya san ko shi wane ne. An kama ta a watan Oktoba na 1943, aka azabtar da ita, amma ba ta tona kowa ba.

Mai karatun Hausa kuma ya riga ya san tsarin da ya fi waɗannan duka tun yana makarantar Islamiyya. A Hijira, an fara nufar kudu zuwa kogon Saur alhali Madina tana arewa, aka kwana uku a can har neman ya lafa, Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar tana kai abinci, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki suna shafe sawu, sannan aka ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Ba ina nufin a kwaikwayi wannan tarihi mai alfarma a cikin ƙage ba. Ina nufin marubuci ya lura cewa tsira aiki ne na mutane da yawa, kowa da ɗan abin da ya riƙe, kuma makamin ɗan jagora shi ne sanin lokaci da sanin hanya da sanin wanda za a amince wa.

Mataki na biyu: a ba ta sana'ar da za ta rufa mata asiri

Jarumar tana bukatar dalilin da zai sa a gan ta a tasha da asuba, ko a gidan da ba nata ba, ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Dillaliya tana shiga gidajen da aka rubuta ba shiga a ƙofarsu, ta san wadda aka saka da wadda ake duka da wadda ta sayar da kwallayenta a ɓoye. Unguwarzoma ana tashinta tsakar dare kuma ba wanda ke tambayar inda za ta. Mai sarin atamfa tsakanin Kwatano da Kantin Kwari ta san direbobi da shingayen hanya da masauki a kowane zango. Duk wadda marubuci ya zaɓa, wajibi ne ya koyi sana'ar har ya iya rubuta ciniki guda cikakke, da taya da sallama da la'ada, domin idan sana'ar fili ta zama ta bogi a idon mai karatu, to ta ɓoyen ma ba zai yarda da ita ba.

Shawarata ita ce ta kasance mace mai shekara arba'in da ɗoriya, bazawara ko wadda mijinta ya rasu, irin wadda samari ke ce wa Hajiya ko Umma su ba ta wurin zama, sannan su manta kamanninta kafin mota ta bar gari. Budurwa kyakkyawa 'yar attajiri mai mota da baƙin gilashi tana da daɗin siffantawa, amma duk inda ta tsaya sai an tuna da ita, wannan kuwa shi ne kishiyar aikinta.

Akwai tambayoyi biyu da marubuta ke tsallakewa, masu karatu kuwa ba sa tsallake su. Ta farko ita ce kuɗi: wa ke biyan mota da masauki da jarin da za a bar wa wanda aka tsirar? Ta biyu ita ce muharrami: ta yaya mace mai kamun kai za ta yi tafiyar kwana biyu da namijin da ba nata ba? Amsa guda tana iya warware duka biyun, misali ƙanenta direban babbar mota wanda ke raka ta kuma suke haɗa jari, kuma shi wannan ƙane zai zama wurin da maƙiyi zai matsa idan jerin ya yi nisa.

Ba sai an ƙirƙiro mata ƙungiyar asiri ba, domin fatauci ya riga ya shimfiɗa mata hanya. Tun zamanin da ayarin goro ke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, Bahaushe ya saba da tsarin maigida ko fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, kuma tsarin yana nan a Sabo ta Ibadan da Shagamu da Agege da zangon Kumasi. Jarumar da kakanta ya yi fatauci ta gaji alheri da bashin mutunci a waɗannan wurare, kuma kowane littafi zai iya cinye mata guda daga ciki.

A ƙarshe a ba ta dalili, kuma ya zama rashi guda takamaimai: wata da ta taɓa zuwa wurinta neman mafaka, ita kuwa ta ba ta haƙuri ta mayar da ita, daga baya ta halarci jana'izarta. Kada a zayyana wannan a babin farko. Ya isa a ga cewa akwai kalmar da ba ta taɓa faɗa wa mai neman taimako, wato a yi haƙuri.

Mataki na uku: a kafa mata dokoki

A nan akwai darasi a shirin kare shaidu na gwamnatin Amurka, wanda ya samo tushe daga dokar yaƙi da gungun masu laifi ta 1970, wanda wani lauyan ma'aikatar shari'a mai suna Gerald Shur ya tsara. Sharaɗinsa mafi tsanani shi ne yanke hulɗa: ba komawa garin da aka baro, ba kiran tsofaffin abokai, kuma saƙo zuwa ga dangi sai ta hannun jami'ai. Sau da yawa akan bar wa shaida sunansa na farko a canza na iyali kawai, domin kada a kira shi ya kasa waiwayowa. Kuma mafi yawan waɗanda aka ɓoye a shirin su ma masu laifi ne da suka juya suka ba da shaida a kan abokan harkarsu, abin da ke nuna cewa mai bukatar tsira ba lallai ne ya zama mai hannu tsarkakakke ba.

Marubuci ya ba jarumarsa dokoki uku ko huɗu kawai, waɗanda za ta faɗa da bakinta a daren farko, a taƙaice. Dokar ba ta da amfani a labari sai an karya ta, kuma mai karatu ya kamata ya hango tun da wuri wacce wannan mutum ba zai iya riƙewa ba. Matar da aka ce kada ta kira mahaifiyarta za ta jure wata uku, amma ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko daga Idi, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya tana jin yaran maƙwabta suna yawon barka da Sallah, za ta ari wayar wani. Idan an gina wannan lokaci da kyau, mai karatu zai riƙa roƙonta a zuciyarsa kada ta yi, kuma ba zai ga laifinta ba idan ta yi.

Mataki na huɗu: a amsa tambayar hukuma

Duk mai karatu mai hankali zai tambaya me ya hana wannan mutum zuwa wurin 'yan sanda ko kotu, kuma dole labarin ya amsa da gaskiya. Marubuci ya san abin da ke akwai: hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da gidajen fakewa na waɗanda aka yi fataucinsu, dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi umarnin kariya daga kotu, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta wannan shekarar ta yarda a ɓoye fuska da sunan mai shaida a wasu manyan laifuka, sannan ga Hisba da mai unguwa da dattawan dangi. Jarumar da ta san aikinta za ta fara gwada waɗannan ƙofofi, kuma a wasu lokutan za ta sallami mai neman taimako da sunan lauya maimakon tikitin mota. Ɓacewa magani ne na ƙarshe, ga wanda maƙiyinsa ke da ido a cikin ofishin da ya kamata ya kare shi, kamar akawun da ya ga takardun da bai kamata ya gani ba, ko yarinyar da ta shaida fuskar mai kai wa 'yan bindiga rahoto kuma ya kasance mutumin ɗan gari ne mai faɗa a ji. Wannan kuma amana ce a wuyan marubuci, domin a cikin masu karatunsa akwai wadda ke cikin irin wannan hali da gaske, kuma bai dace ta tashi daga littafin da tunanin cewa ba wata hanya sai gudu ba.

Mataki na biyar: a zana hanya, a tsayar da shekara

Wani rubutu da aka taɓa ba ni in duba ya ɗauki jaruma da wadda take tsirarwa daga Gusau zuwa Legas, kuma har suka isa wayar matar tana cikin jakarta a kunne, tana ma duba Facebook a hanya. Na mayar da rubutun da tambaya guda: a wace shekara labarin ke faruwa? Tun watan Fabrairu na 2014 da aka ƙaddamar da lambar BVN, asusun banki ya haɗu da zanen yatsun mai shi, kuma tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Labarin da aka sa a 1995 da wanda aka sa a 2022 duniya biyu ne daban. Haka ma iyaka: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna na kwana 90 ba biza, amma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wanda zai tsallaka da jarumarsa daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko daga Kongolam zuwa Damagaram, wajibi ne ya san halin da wannan ƙofa take ciki a watan da ya zaɓa.

Ina gargaɗi a kan wani gwanin kwamfuta da ke fitowa a babi na biyar ya ƙera sabon katin shaida cikin dare guda. Wannan yana kashe labari, domin ya mayar da matsala mafi girma ta zama wasa. Ya fi gaskiya, kuma ya fi ciwo, a bar wanda aka tsirar ya rayu a inda ba a tambayar takarda: ya yi dako, ko ta yi wankau da kitso, ana biya hannu da hannu, ba asusu, ba layi da sunansa, ba fasfon zuwa Makka. Wannan rayuwa tana da wa'adi. Tun 2021 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, saboda haka yaron da aka gudu da shi yana ɗan shekara takwas zai kai ranar da burinsa na karatu zai yi karo da asirin uwarsa, kuma wannan kaɗai ya isa littafi na huɗu.

Idan da hali, marubuci ya bi hanyar da ƙafarsa, ko da zango ɗaya ne. Ya je tasha kafin asuba, ya ga mai shayi yana fifita wuta, ya ji ɗan kamasho yana kiran saura mutum biyu alhali saura biyar ne, ya karɓi takardar da ake miƙo wa fasinjoji su rubuta sunansu da lambar wani ɗan uwa da za a kira idan an yi haɗari. A wannan takarda akwai babi guda. Matar da ke gudu ta rubuta sabon sunanta da ƙyar, ta zo gurbin ɗan uwa, biro ya tsaya, na kusa da ita yana jiran ta miƙo masa, har jarumar ta karɓa ta rubuta tata lambar ta wuce da takardar gaba ba tare da ta dube ta ba.

Mataki na shida: a gina sabon mutum

Wannan mataki ne ya fi cancantar lokacin marubuci. Niƙabi da hijabi suna rufe fuska, shi ya sa kowa ke saurin kama su, amma ba fuska ce ke tona asiri a ƙasar Hausa ba, baki ne. Basakkwaciya za ta ce tahi da zamna da ɗiya a inda Bakanuwa za ta ce tafi da zauna da 'ya. Wanda ya ce shi mutumin Maraɗi ne amma ya ce makaranta da likita a inda mutanen gari ke cewa lakwal da lokotoro, ko ya rikice da aka ce masa dala ashirin alhali ana nufin sefa ɗari, ya gama fallasa kansa a gaban mai tebur. Ga kuma tsagar gado a fuskar Bagobiri ko Babarbare, wadda ba ta gogewa. Jaruma mai hankali ba ta ɗora wa mutum asalin da harshensa ba zai iya ɗauka ba, takan bar masa yankinsa ta canza ƙauye, ta bar masa rabin gaskiya domin ya sami abin tsayawa a kai.

Al'adarmu ta alkunya tana taimaka mata ta wata fuska. Mace tana iya shekara goma a unguwa ana kiranta Amarya ko Maman Abba ba wanda ya san sunanta na yanka, namiji kuwa ya zama Mai Shayi ko Na Gusau ko Malam kawai. Sai dai wannan al'adar da ta ba da laƙabi ita ce kuma ba ta barin baƙo. Mai unguwa zai so ya san wanda ya kama haya, mai kitso za ta yi tambaya, 'yar talla tana shiga gida goma a yini. Marubuci ya rubuta jarrabawar farko a wuri mai taushi, kamar gidan suna, inda wata tsohuwa za ta matso da tabarmarta ta ce, "'Yar nan, na ji bakinki kamar na mutanen Talatar Mafara. 'Yar gidan wa ce ke?" Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, a can aka haife ni, amma tun ina goye aka taho da ni." Tsohuwar ta ce, "Ikon Allah, ai ina da ƙanwa da ke aure a can," ta fara lissafo gidaje. Babu bindiga a ɗakin, amma mai karatu zai riƙe numfashinsa.

Sai batun addini, wanda bai kamata a kauce masa ba, domin mutanen labarin Musulmi ne masu sallah. Malamai sun yarda a ɓoye wanda azzalumi ke nema ko da sai an faɗi abin da ba haka ba, amma Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma jingina kai ga wanda ba mahaifi ba babban laifi ne. Saboda haka jarumar za ta iya sa wa kanta iyaka: tana canza laƙabi da gari, ba ta canza sunan uba, ko da hakan ya ƙara haɗari. Idan yarinyar da aka tsirar ta sami mai so, wa zai zama waliyyinta, kuma me za a faɗa wa dangin ango idan suka zo binciken asali? Idan magidanci ne ya ɓace, matarsa fa? A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, a dokar shaida ta Najeriya kuwa sai an shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba ake ɗaukar ya mutu. Mutumin da ke raye a Kumasi yana ƙirga waɗannan shekaru, ya san ranar da za a ɗaura wa matarsa aure da wani, ya kuma san cewa dawowarsa za ta jawo mata mutuwa, ya fi duk wani ɗan bindiga nauyi a zuciyar mai karatu.

Mataki na bakwai: mai farauta

A yi shi mai haƙuri da ladabi. Ba ya bin mota a guje. Yana zuwa gaishe da mahaifiyar wanda ya gudu da ledar goro da sabulu, yana cewa shi abokin ɗanta ne, yana sa cigiya a rediyo da sunan dangi, yana jiran rasuwa ko biki. Kuma ko sau ɗaya a cikin jerin, shi ne zai zo wurin jarumar da kuka a matsayin mai neman tsira, ta gaskata shi, ta nuna masa hanyarta da hannunta.

Mataki na takwas: a tsara jerin da babi-babi

Kowane littafi ya tsaya da ƙafarsa, da mutum guda da za a tsirar da tambaya guda da za a amsa, domin wanda ya fara daga na uku kada ya ɓata. A ƙarƙashin wannan a bar zare ɗaya yana tafiya a hankali, kuma mafi kyawunsa shi ne wanda Irena Sendler ta nuna: jarumar tana da wani littafi ko ƙwaƙwalwar da ke riƙe da sunan kowa na gaskiya da inda yake, saboda haka kowane mutum da ta tsirar yana ƙara mata daraja a wurin masu nema. A littafi na farko rayuwar mutum ɗaya ce a hannunta, a na biyar kuwa kama ta yana nufin kama mutum talatin. Marubuci ya ajiye nasa kundin shi ma, ya rubuta sunan kowa na da da na yanzu, da garin da aka kai shi, da shekarun 'ya'yansa, da wanda ya san asirin, domin masu karatu a zauren WhatsApp ba sa mantuwa kuma za su kama kuskuren da aka yi bayan babi tamanin.

Ga masu sakin labari kullum, kada kowane babi ya ƙare da ƙwanƙwasa ƙofa, domin bayan na uku ba wanda zai ƙara razana. Wani babin ya ƙare da shawarar da aka yanke, wani da ƙaryar da aka yi wa yaro, wani da abin da mai karatu ya sani amma jarumar ba ta sani ba tukuna. Idan kuma ana sa ran za a karanta littafin da murya, a tuna cewa kusan kowa a cikinsa yana da suna biyu, saboda haka a zaɓi sunayen da ba su yi kama a kunne ba, kuma mai ba da labari ya tsaya a kan suna ɗaya ga kowane mutum. Wasu sukan ci gaba da kiran mutum da sunansa na asali a bakin mai ba da labari har zuwa babin da shi kansa ya daina jin sa a matsayin nasa, sannan su sauya, kuma na ga wannan dabara ta yi aiki sosai.

Mataki na tara: rabuwa da gyara

Babin ƙarshe na kowane littafi rabuwa ce, kuma a nan ne hannun marubuci ke rawa ya so ya sassauta. Kada ya bari su yi musayar lamba, kada ya yi alkawarin ziyara. Ta kai shi ƙofar maigidan da zai riƙe shi, ta damƙa masa ɗan jarin da ta ƙulle a bakin zane, su yi sallama irin ta mutanen da suka haɗu a mota, ya ce Allah ya saka da alheri, ta ce Allah ya rufa asiri, ta koma tasha ta sayi kayan da za ta nuna a gida a matsayin dalilin tafiyarta.

Bayan an gama rubutu, a ajiye shi mako biyu, sannan a karanta shi daga kujerar mai farauta, da biro a hannu, ana sa alama a duk inda da shi ne da ya kama su: wayar da ba a karɓe ba, direban da ya ga fuska, kuɗin da aka tura ta POS, yaron da ya faɗi sunan makarantarsa ta da. Kowace alama ko dai a toshe ta, ko a mayar da ita hanyar da zai biyo. Daga nan a ba mutum biyu su karanta, ɗaya ɗan garin da aka baro, ɗaya ɗan garin da aka sauka, a roƙe su su ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da mutanen garinsu ba sa faɗa da duk kwanar da babu ita a hanyar.